Shin Kofin Bara Yana Bin Bana Bashi?

Shekara uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, Kano Pillars ce ta ɗauki kofin gasar Firimiya ta Najeriya. Idan aka haɗa da na 2008, kofi huɗu ke nan. Mu mutanen Bagwai yawancinmu a rediyo muke bin wasa, sai jefi-jefi mutum ya samu kuɗin mota ya bi ta Bichi ya shiga birni, ya je filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya gani da idonsa. A waɗannan shekarun mun daina tambayar ko za a ci wasan gida. Ci nawa za a yi, wannan ita ce tambayar. Yaron da aka haifa a ƙarshen 2003 ya yi rarrafe, ya shiga makarantar allo, ya kusa gama firamare, bai taɓa jin an doke Pillars a gidanta a wasan lig ba. Wasa 202 aka lissafa.

Sai shekarar 2015 ta zo. A watan Maris, ana shirin buɗe kaka, 'yan bindiga suka tare motar ƙungiyar a wajen Abaji, kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, tana kan hanyarta ta zuwa Owerri don karawa da Heartland. 'Yan wasa biyar suka ji rauni, cikinsu har da Gambo Mohammed, wanda aka dogara da shi wajen zura ƙwallo. A gasar zakarun nahiyar Afirka, Moghreb Tétouan ta Maroko ta zura mana huɗu ba ko ɗaya a can, muka ci biyu da ɗaya a nan, aka fitar da mu. A watan Agusta kuma Nasarawa United ta zo har filin wasa na Sani Abacha ta ci biyu da ɗaya. Enyimba ta ɗauke kofin a ƙarshen kaka, Pillars ko ukun farko ba ta shiga ba. Shekara goma suka biyo baya kofin lig bai sake kwana a Kano ba.

Ni malamin makaranta ne, safe boko, yamma Islamiyya, kuma abin da ya riƙe ni a wannan labari bai tsaya a ƙwallo ba. Na lura cewa duk lokacin da aka tayar da zancen 2015 a majalisarmu, ba a daɗewa ake barin maganar koci da 'yan baya, a faɗa maganar ƙaddara. Kowa yana da fatawarsa. Baffana, wanda ya tsufa a noman rani a bakin madatsar Watari, amsarsa ɗaya ce kullum: «Rabo ne ya ƙare, ɗana. Abin da Allah ya rubuta ba mai goge shi.» Wani tsohon ɗalibina kuwa, saurayi mai zafin zuciya, ba ya yarda. «Malam, don Allah a daina ɗora wa ƙaddara laifin mutane,» in ji shi. «Sakaci aka yi, kuma a nemo wanda ya yi shi.» Akwai kashi na uku, masu cewa wani abu aka binne a filin, ranar da aka tone shi kuwa sai komai ya warware. Waɗannan ba zan daɗe a kansu ba. Wanda ya yarda cewa laya a ƙarƙashin turken raga ce take ba da nasara ko take hanawa, matsalarsa ta fi ta Pillars girma, kuma a tauhidinsa take.

Tsakanin Baffa da ɗalibina ne maganar take. Na ɗauke ta da muhimmanci domin yadda mutum yake fassara faɗuwar ƙungiyarsa, haka zai fassara karyewar jarinsa da mutuwar aurensa da sauka daga kujerarsa. A ƙananan abubuwa zuciya take koyon halin da za ta nuna a manya.

Akwai wani labari a Sahihul Bukhari, ta hanyar Anas ɗan Malik, Allah ya ƙara masa yarda, wanda nake ganin ya kamata duk mai son ƙwallo ya san shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da wata taguwa da ake kira Adba'u, wadda ba a taɓa tsere mata ba. Rannan wani balaraben ƙauye ya zo a kan ɗan raƙuminsa matashi, aka yi tsere, ya wuce ta. Abin ya yi wa sahabbai ciwo, har Annabi ya ga alamar haka a tare da su. Sai ya sanar da su, a ma'ana, cewa tsarin Allah ne duk abin da ya ɗaukaka a duniyar nan wata rana ya saukar da shi.

Ina yawan tsayawa a kan wannan ruwaya. Da farko, ta nuna cewa jin zafin shan kaye ba rashin imani ba ne. Mutanen da suka fi mu imani nesa ba kusa ba sun ji shi, kuma a kan tseren raƙuma. Saboda haka ba na ganin laifin dattijon da ya kashe rediyonsa a wannan yammacin na Agusta ya kasa cin tuwon dare. Abu na biyu shi ne abin da ruwayar ba ta ƙunsa ba. Ba a ce an soke tseren ba. Ba a ce an tuhumi baƙon da maguɗi ba, ballantana a tare shi a hanya. Taguwar fiyayyen halitta ce aka tsere wa, a garinsa, a gaban mutanensa, kuma aka bar wanda ya yi nasara da nasararsa. Idan har taguwar Annabi ba ta da alkawarin cin kowane tsere, wane ne ya rubuta wa Pillars alkawarin cin kowane wasan gida?

Har nan Baffa yana da gaskiya. Kuma tarihin gasar kanta yana bayansa. Tun da Pillars ta sauka, duba waɗanda suka hau: Enyimba a 2015, Enugu Rangers a 2016, Plateau United a 2017, Enyimba kuma a 2019, Akwa United a 2021, Rivers United a 2022, Enyimba a 2023, Rangers a 2024, Remo Stars a 2025. A duk tsawon wannan lokaci babu ƙungiyar da ta ɗauka sau biyu a jere. Rangers ta yi shekara 32 tana jiran kofin 2016, kakar da ta biyo baya kuma sai ga ta tana fafutukar kada ta faɗa rukunin 'yan dagaji. A Ingila ma haka ne. Chelsea ta ɗauki kofi a 2015, ta ƙare ta goma a 2016, an kori Mourinho tun kafin a raba kaka biyu. Leicester ta ba duniya mamaki a 2016, ta sayi ɗanmu Ahmed Musa, wanda a Pillars ya yi suna da ƙwallaye 18 a kaka guda, amma ta ƙare ta goma sha biyu, kuma a watan Fabrairun 2017 ta sallami Ranieri, mutumin da ya kawo mata kofin. Idan aka dubi wannan, abin mamakin shi ne yadda Pillars ta riƙe shekara uku. Sauka da ta yi a ta huɗu ita ce al'ada.

Amma a littafin nan na Bukhari akwai wata ruwayar, ta Abdullahi ɗan Umar, wadda ɗalibina zai ji daɗinta. Annabi ya shirya tseren dawaki, ya raba su gida biyu. Waɗanda aka horar aka zubar musu da teɓa, ya sa su yi dogon zango, daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i. Waɗanda ba a horar ba ya ba su gajeren zango, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Wanda ya koya mana cewa ɗaukaka da saukarwa a hannun Allah suke, shi ne kuma ya bambance dokin da aka yi wa shiri da wanda ba a yi wa ba. Bai ce a haɗa su duka a sake su, mai rabo ya ci ba. Ashe ƙaddara ba ta zuwa tsirara. Ta cikin sababi take shigowa, kuma sababin nan ana ganinsa, ana iya ƙirga shi.

A ƙwallon Najeriya ba a wahalar gano sababan da suke kayar da zakara. Ranar da ka ɗauki kofi, ranar ce idon masu kuɗi yake dawowa kan 'yan wasanka, kuma da yake yawancinsu gajeriyar yarjejeniya suke sa wa hannu, wanda ya fi haskawa shi ne farkon tafiya. Kofi yana jawo maka wasannin Afirka, ka je Maroko ko Sudan ka dawo a gajiye, kwana kaɗan ka hau mota zuwa Aba ko Fatakwal, tafiyar da take cin yini da dare. Ƙungiyoyi goma sha tara suna jiranka, kowacce ta ɗauki wasanta da kai a matsayin wasan shekara, ta yi nazarin ta inda kake kai hari da ta inda kake yoyo. 'Yan wasan da suka kawo kofi uku sun ƙara shekara uku a ƙafafunsu. Sannan ƙungiyar ta gwamnatin jiha ce, kamar yawancin takwarorinta, don haka kuɗinta da shugabancinta suna bin iskar da take kaɗawa a gidan gwamnati. Nasarawa United da ta karya tarihin nan ba tsautsayi ne ya kawo ta ba: ita ce ta ƙare ta uku a wannan kakar. Duk waɗannan abubuwa ne da mai hankali zai iya hangowa tun kofi yana hannu, ya yi musu tanadi ko ya ƙi yi.

Malamanmu sun daɗe da warware wannan ƙulli, mu ne muke sake ƙulla shi. Sun ce ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafa ta a kan laifi. Harsashin Abaji musiba ce: babu kocin da zai tsara yadda za a kauce masa, kuma abin da ya dace da shi shi ne haƙuri da godiya ga Allah da bai sa an rasa rai ba. Amma idan an bar ɗan wasa yana bin haƙƙinsa, ko an ƙi renon matasa da za su gaji manya, ko an sauya koci don huce haushi, wannan aikin hannu ne, kuma mai shi zai amsa tambaya. Wanda ya lulluɓe irin wannan da rigar ƙaddara ya yi wa aƙida ƙarya, ya kuma tabbatar da cewa gobe za a maimaita.

Abin da ya sa nake ƙaunar Baffa shi ne aikinsa ya fi maganarsa daidai. A 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta cinye tumatir a jihar Kano, gonarsa ta bakin Watari tana cikin waɗanda suka ƙone ƙurmus, bayan shekaru yana loda kwanduna a mota. Na je yi masa jaje, ya ce mini, «Wanda ya ba mu na baya shi ya karɓi na bana, alhamdu lillahi.» Ko a fuska bai nuna ba. Amma da rani ya zagayo ya nemi malamin gona, ya sauya lokacin dashe, ya raba filin ya sa albasa a wani ɓangaren. Kuma wannan dattijon, ranar da jikansa ya yi barci ya bar kwali biyu ba ban ruwa har suka yi yaushi, bai ce rabo ne ya ƙare ba. Kiransa ya yi ya wanke shi tas. A gona ya san inda ƙaddara ta tsaya da inda sakaci ya fara. Kuma bai taɓa zaton cewa amfanin bara zai sa ƙasa ta ba shi na bana ba tare da ya sake duƙawa ba.

To, a nan ne nake ganin su biyun, shi da ɗalibina, sun bar wani abu a baya, kuma shi ne ya fi damuna. Dukansu suna duban 'yan wasa da shugabanni. Babu mai duban mu, 'yan kallo.

Ibn Khaldun, malamin tarihin nan da aka haifa a Tunis a 1332, ya yi bayani a Muƙaddimarsa cewa ɗaukakar gida ba ta cika wuce zuriya huɗu ba. Na farko shi ya gina, ya san wahalar da ya sha. Ɗansa ya ga ginin da idonsa, ya koya daga bakin mai shi. Na uku kwaikwayo kawai yake yi. Na huɗu kuwa ya ɗauka cewa girman nan haƙƙinsa ne na jini, ba wani aiki ne ya kawo shi ba, sai ya raina mutanen da suka tallafe gidan, daga nan rushewa ta fara. Shi yana maganar gidajen sarauta ne, inda abin yake ɗaukar shekara ɗari ko fiye. A ƙwallo shekara goma ta isa. Kuma 'yan wasa ba su cika zama zuriya ta huɗu ba, domin su suna zuwa suna tafiya, kuma ƙafarsu tana gaya musu gaskiya kowace Lahadi. Irin su Rabi'u Ali Pele, da ya tsufa a cikin rigar nan yana gudu, sun san farashin kowane maki. Mu da muke kan benci da gindin rediyo, mu ne muka gaji nasarar da ba mu yi gumi a kanta ba, har muka ɗauka tamu ce ta gado.

Daga ranar da ni'ima ta koma haƙƙi a zuciyar mutum, abu biyu suke mutuwa. Godiya ce take fara tafiya, don ba a gode wa wanda ya biya bashi. Ina tuna yammacin da aka ci wasan gida da ɗaya mai ban haushi, maimakon hamdala sai gunaguni ya tashi a majalisa, wai me ya sa ba uku ba. Bayan godiya sai haƙuri ya bi ta, domin wanda yake ganin an ƙwace masa kayansa ba ya jin an jarrabe shi, ji yake an zalunce shi, kuma dole ya nemo azzalumin. Idan bai same shi a ofis ba zai same shi a alƙalin wasa, ko a motar baƙi.

Mun ga ƙarshen wannan hanya a watan Afrilun 2022. Pillars ta daɗe tana buga wasanninta na gida a Kaduna, tun bayan da aka mayar da filin Sani Abacha wurin killace masu cutar korona. Da aka dawo Kano, aka karɓi baƙuncin Katsina United, cikin watan azumi. Wasa bai ƙare lafiya ba: wasu 'yan kallo suka kutsa fili, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta ci tarar ƙungiyar, ta zabge mata maki uku, ta mayar da wasanninta na gida Abuja. A ƙarshen kakar, ƙungiyar da ta ɗauki kofi huɗu ta faɗa rukuni na biyu, ita da Katsina United ɗin, da Heartland, da MFM. Daga nan Bagwai iyakar Katsina ba nisa, muna cin kasuwa ɗaya da su, muna auratayya. Waɗanda aka jefa ɗin 'yan'uwanmu ne, da yawansu da azumi a bakinsu kamar masu jifan. Wannan ba ƙaddarar da za a yi wa jaje ba ce. Laifi ne, kuma hannun masoya ne ya aikata shi. Makin da abokan hamayya suka sha wuya kafin su ƙwata a fili, mu muka miƙa shi da duwatsu.

Akwai kuma abin da son kai yake hana mu gani. A 2009 Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ɗaya da ɗaya a gida, biyu da biyu a Alƙahira, alhali Al Ahly ce take riƙe da kofin nahiyar. Har wasan kusa da na ƙarshe muka kai a wannan shekarar. A ranar mu ne balaraben ƙauyen da ya zo a kan ɗan raƙuminsa. Mun yi murna, mun ce Allah ya amsa addu'armu, kuma gaskiya ne. Ba mu tsaya mun tuna cewa a Alƙahira akwai masu salla da suka roƙi akasin abin da muka roƙa ba. To, a Lafiya ma, garin Nasarawa United, akwai masallatai da coci-coci. Yaran Nasarawa da suka zo Kano a 2015 suna da iyaye mata da suka tashi cikin dare suka yi musu addu'a. Ubangijin da muke roƙo nasu ne kamar yadda yake namu, kuma bai zama mai goyon bayan wata ƙungiya ba. Ranar da ya ba su, bai zalunce mu da ƙwayar zarra ba. Duniya rawar 'yan mata ce, in ji Hausawa, na gaba ya koma baya, amma mukan tuna da wannan karin magana ne kawai idan muna baya muna hangen gaba.

Saboda haka amsata ga tambayar da na ɗora a sama ita ce a'a. Kofin 2014 ba ya bin 2015 komai. An biya Pillars ladan wannan kakar cif a ranar da aka miƙa mata kofin, kakar da ta biyo baya kuma kowa daga sifili ya fara, zakara da sabon shiga. Abin da shekarun nan uku suka bar mana shi ne nauyin godiya, kuma ina ganin ba mu sauke shi ba. Kafin Pillars, Iwuanyanwu Nationale da Enyimba sun yi uku a jere, kuma garuruwa da yawa a ƙasar nan ba su taɓa ganin ko ɗaya ba. An ba mu kofin ƙalubale a 2019, a Kaduna, bayan bugun fenareti da Niger Tornadoes. An dawo da mu babban rukuni a 2023, shekara guda bayan faɗuwa. Duk wannan kyauta ce.

Ina roƙon samarinmu na Bagwai da Kiyawa da Gogori da Romo, masu haɗa kuɗin mota su tafi Ƙofar Mata ranar wasa: ku je, ku cika filin, ku yi ihun «Sai Masu Gida» har muryarku ta dishe. Idan aka ci mu, ku bar baƙi su hau motarsu lafiya, ku bar alƙalin wasa ya koma wa iyalinsa da ƙafafunsa. Washegari kuma, da zuciya ta huce, ku kira gidajen rediyo ku tambayi masu riƙe da ƙungiyar, da ladabi kuma ba tsoro, ko an biya 'yan wasa haƙƙinsu, da yara nawa aka ɗauko daga ƙananan hukumomi irin tamu aka rena a bana.